Wata bakwai ba Twitter: abin da kowa ya gani a Kano

Mai buɗe zance, Gwale:
Assalamu alaikum. A ranar 4 ga Yuni, 2021, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya ambaci yaƙin basasa, kuma ba a janye takunkumin ba sai 13 ga Janairu, 2022. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ba abin da ya ji a majalisa ba.

Mai sayar da atamfa, Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Yawancin masu sayen kayana na Legas da Abuja a Twitter nake samunsu, domin idan mace ɗaya ta yaba, ƙawayenta sukan biyo baya. Na koma WhatsApp, tsofaffin abokan ciniki suka biyo ni, amma sabbi suka ɗauke ƙafa, har kayan da na karɓa bashi suka daɗe a rumfa. Rigimar ta manya ce, amma a kan jarina ta ƙare.

Ɗalibi, Kabuga:
Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Mu da VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, muka ci gaba da shiga Twitter, sai dai da Antoni Janar Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar, mahaifina ya sa na goge manhajar a gabansa.

Malamar makaranta, Tarauni:
Ni ban ga laifin tsawatarwa ba, saboda na ga yadda aka ci mutuncin wata ɗalibata da hoton ƙarya, kuma ba ta samu inda za ta kai kuka ba. Amma wanda ya aikata ya kamata a kama, ba a rufe wa kowa baki ba.

Tsohon ɗan jarida, Fagge:
Malama, maganarki gaskiya ce. Ina aiki lokacin dokar soja mai lamba 4 ta 1984 da ta takura wa aikin jarida, wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita shekara guda. Mun riƙa soke labarin da muka tabbatar da shi da hannunmu, tun kafin wani ya ce mu soke, jama'a kuwa suka ƙara raja'a ga Sashen Hausa na BBC da jita-jitar kasuwa, ita kanta gwamnati ta daina jin abin da talakawa ke cewa. A 2021 ma na ga an umarci gidajen rediyo su bar Twitter, ko da yake a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.