Lauyan kyauta ko mu biya? Maganar ƙanwata ce a Zariya

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema kuma ta gaggawa ce. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Zariya da yara uku. Mijin ya daɗe yana dukanta muna ta rufawa, to wannan karon hannu ya karya mata, yanzu haka tana gidan Babanmu da ɗauri, ta ce wallahi ko yanka ta za a yi ba za ta koma ba. Shi kuma ya ce ba saki sai an biya shi sadakinsa da lefe da duk abin da ya kashe, ya yi lissafin dubu 900, kuma ya riƙe babban yaron ya hana. Mun je wajen wani lauya ya ce mu kawo dubu 150 kafin ya buɗe fayil. Ni ɗinki nake yi, abin da nake sa rai kawai adashen da zan kwasa ƙarshen wata. Sai maƙwabciyata ta ce ai akwai lauyoyin da ke tsaya wa mata kyauta. Da gaske kyautar ce ko suna ne kawai? In ba wancan lauyan kuɗin adashen, ko mu bi na kyautar ko da zai ja lokaci? Wanda ya taɓa shiga da ƙafarsa nake so ya amsa min. Kuma dan Allah kar a ce ta yi haƙuri, an wuce nan.

Abu Hanif:
Allah ya kyauta. Ni dai a ganina ta yi haƙuri ta koma saboda yaran nan, a tara manya a ja masa kunne. Kotu ba ta gyara aure.

Ummu Salma:
Ku tafi Hisba kawai 'yar uwa, ranar za su kira shi, ko sisi ba za ku kashe ba. A Sharaɗa ofishinsu yake.

Maman Biyu:
Anti Zariya fa na ce, Sharaɗa ai Kano ce. Malam Abu Hanif manyan sun zauna har sun gaji, bayan zaman ƙarshe ne ma aka karya hannun.

Lauya Mai Jiran Gado:
Yaya kar ki taɓa kuɗin adashen nan tukuna. Abu na farko ba lauya ba ne, takardar likita ce. In ɗaurin gida aka yi mata to ku kai ta asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, akwai cibiyar Salama a ciki, aikinsu ke nan matan da aka ci zarafinsu, a duba ta a rubuta, a ɗauki hoton ƙashi, ku ma ku ɗauki hoton raunin a waya tun bai warke ba. Su da kansu suna haɗa mutum da lauya da 'yan sanda. Sannan FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, tana da reshe a Kaduna kuma ba sa karɓar kuɗin aiki daga macen da ba ta da hali. Akwai Legal Aid ta gwamnatin tarayya, tun 1976 take, kowace jiha da ofishinta, an yi ta ne don marasa ƙarfi, sai dai yawancin aikinsu kare waɗanda ake tuhuma ne da ke tsare. Ko tsangayar shari'a ta ABU akwai inda ɗalibai ke ba da shawara kyauta ƙarƙashin malamansu. Kuma ki sani maganar nan biyu ce. Raba aure da riƙon yara kotun shari'ar Musulunci ce. Karya hannu kuma laifi ne, jihar Kaduna ta yi dokar hana cin zarafi tun 2018, gwamnati ce ke gurfanar da shi, ba ku za ku ɗauki mai gabatar da ƙara ba, har odar kariya kotu na iya bayarwa a hana shi zuwa inda take.

Gwaggon Yara:
Hmm. Ɗiyata Allah ya ba ki sa'ar karatu, duk abin da kika faɗa haka yake a takarda. Ni bari in faɗi yadda yake a ƙasa don ni na taka. Ba a Zariya ba ne, ba zan faɗi garin ba. Nawa mijin da wayar wuta yake dukana, ranar da ya fasa min kunne na fita da zani ɗaya na tafi caji ofis jini na zuba, wanda ke kan kanta ya dube ni ya ce Hajiya wannan ai maganar gida ce ku je ku sasanta. Da na nace aka ce in kawo kuɗin man da za a je a ɗauko shi, na ci bashi na bayar, aka kawo shi, kafin la'asar ya riga ni komawa unguwa. Wata ƙungiya ta ba ni lauya mace, kuma tsakani da Allah matar nan ko ruwan leda ba ta taɓa sha da kuɗina ba, wani lokacin ma ita ke ba ni na mota. Amma ita kaɗai ce da fayil ya fi ƙarfin teburinta, ranar zamana tana wata kotun, a ɗage. Ran da ta zo shi bai zo ba, a ɗage. Ran da duk muka zo alƙali ya tafi taro. Kowane zuwa kuɗin mota ne, ni da shaiduna biyu, ni zan kai su in dawo da su in saya musu abinci, ga wainar da nake sayarwa ranar ba a yi ba. Na sayar da keken ɗinkina, na sayar da akuya. Maƙwabciyar da ta ga komai da idonta mijinta ya hana ta zuwa ya ce ba ya son rigima da maƙwabci. Daga ƙarshe ba kotu ce ta kayar da ni ba, kawuna ne, ya zo ya zauna a zaure ya ce na tona wa dangi asiri, in ban janye ba babu shi babu uwata. Na janye. Na biya khul'i da kuɗin da ban da shi don kawai in samu takardata. Har yau kunnen hagu ba na ji da shi, in ana magana sai na juyo da dama. To lauya kyauta ne, eh, amma shari'ar ba kyauta ba ce, wannan nake so ki sani kafin ki shiga.

Ummu Salma:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo wallahi kin sa ni kuka. Allah ya saka miki.

Hajjo:
Allah ya isar miki Gwaggo. Yaran fa, suna wajenki?

Gwaggon Yara:
Biyu na wajena, ya ɗauke namijin ya kai wa uwarsa ƙauye. Sai da sallah nake ganinsa, shi ma in an ga dama.

Ɗan Sabon Gari:
Dubu 900?? Shi lefen da zinare aka saƙa atamfofin? Ku ma ku ɗauko kalkuleta ku yi masa lissafin tuwon da ta tuƙa da wankin da ta yi tun ranar da aka kai ta, wallahi sai ya ciko muku canji.

Hajjo:
Kai dai ba ka rabo da wasa, mace na kwance da karyayyen hannu. Maman Biyu ni na raba aurena a kotun shari'a ba tare da lauya ba sam. Na je wajen rajista na faɗi ƙarata aka rubuta, kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci duka bai kai dubu 5 ba. Da Hausa ake magana, alƙali zai tambaye ki ki ba shi amsa. Lauyan dubu 150 na me?

Maman Ilham:
Dubu 5 a wace shekarar Hajjo? Bara na raka ƙawata, dubu 20 muka kashe kafin sammaci ya isa hannun mutumin, mai kai sammacin ma cewa ya yi sai an sa masa mai a mashin. Takardar likita kuma dubu 10 aka karɓa.

Lauya Mai Jiran Gado:
A cibiyar Salama ba a biyan kuɗin dubawa. Kuma duk abin da aka ce ku biya a kotu ku ce a ba ku rasit, za ki ga kuɗin ya ragu da kansa.

Maman Ilham:
Ki nemi rasit fayil ɗinki ya kwana a ƙasan durowa. Kuma ni lauya dubu 60 na san ana ɗauka a irin wannan, wancan ya ga kun ruɗe ne.

Baban Walid:
Dubu 60 sai dai wanda ya fito bautar ƙasa jiya. Ni na biya wa 'yar yayata dubu 250, ban da kuɗin zuwa kotu dubu 10 duk zama. Amma cikin wata huɗu aka gama. Abin kyauta ba ya sauri, ku biya ku huta.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Duk kun bar asalin maganar kuna ta cinikin lauya. Baiwar Allah, kar ƙanwarki ta kuskura ta buɗe baki a gaban alƙali ta ce khul'i take nema. Khul'i na macen da ta ƙi zaman ne ba tare da an cuce ta ba, ita ce ke fansar kanta. Wadda ake duka ƙarar cutarwa take kaiwa, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi in cutarwa ta tabbata alƙali na da ikon raba auren ba ta mayar da ko kwabo ba. Ana tabbatarwa da shaidu, ko da labarin da ya bazu a unguwa cewa yana dukanta. Har malamai sun ce wadda ta biya khul'i daga baya ta tabbatar cutar da ita ake yi, tana da haƙƙin a dawo mata da kuɗinta. Riƙon yara kuma na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa. Ci da sha da sutura da makaranta na kan uba. Riƙe yaron da ya yi ba shi da hurumi. Wannan ba sai da lauya ba, ilimi ne da ya kamata kowane uba ya sani.

Gwaggon Yara:
Malam da na san wannan a lokacin. Amma ko na sani wa zai tsaya min, tunda irinku ne aka kawo suka ce in yi biyayya.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya ba irina ba. Wanda ya ce ki zauna ana fasa miki kunne son zuciyarsa ya faɗa, ba addini ba.

Baban Walid:
Malam karatu daban kotu daban. In mijin ya zo da lauya ita ta zo ita kaɗai, da tambaya uku zai rikita ta ta ce ita dai a raba ko nawa ne, shi ke nan an rubuta khul'i. Ita kuma wannan ɗalibar ko rigar ba ta sa ba tana ta ba mutane shawara.

Lauya Mai Jiran Gado:
Baba ban ce ni lauya ce ba, sunana ma ya nuna. Amma na zauna a teburin karɓar ƙorafi na ga matan da suka zo bayan rauni ya warke ba hoto ba takarda, nan ne shari'a ke mutuwa ko lauyan miliyan aka ɗauka. Kuma abin da ka faɗa shi ne dalilin da ya sa na ce su nemi FIDA, ko ba a samu mai zuwa kowane zama ba za a zaunar da ita a shirya ta kan abin da za ta faɗa.

Hajjo:
Ni dai a nan maganar Gwaggo na ɗauka, ita ta sha wuyar. Sauranku duk baki ne.

Maman Ilham:
To ke ma ai kin ce dubu 5, Gwaggo ta ce har akuya ta sayar, wanne za a ɗauka? Ni abin da ke ci min rai ma ba rabuwar ba ce, bayanta ne. Ƙawar tawa an yanke masa dubu 15 a wata na yara uku, yara uku fa, kuɗin da ko mudun shinkafa da mai na sati biyu bai kai ba, ya biya wata biyu ya daina. Ta koma kotu aka ce ta sake biyan kuɗin sammaci. Ta kashe dubu 8 tana bin dubu 15.

Ummu Salma:
Wannan ita ce maganar wallahi. Nawa tsohon mijin ma'aikaci ne, albashi mafi ƙanƙanta ya koma dubu 70 tun 2024 amma har yau dubu 4 yake turo wa kowane yaro kamar yadda aka yanke tun kafin a cire tallafin mai. Me ya sa ba za a riƙa cirewa daga albashinsu kai tsaye ba?

Abu Hanif:
Ku ma mata ku ji tsoron Allah, wasu in an ba su kuɗin yara anko suke yi da shi.

Maman Biyu:
Jama'a na gode, gobe in sha Allah za mu kai ta Gambo Sawaba. Amma har yanzu ba a ce min in riƙe kuɗin adashen ko in bayar ba, kuma yaron da ke hannunsa fa, a kotu ɗaya za a haɗa ko ƙara daban ce?

Ummu Salma:
Anko da dubu 4 Malam Abu Hanif? Ka shiga kasuwa kwanan nan kuwa? Kuɗin makarantar Islamiyya kaɗai na ƙaramar dubu 3 ne a wata, ban da littafi, ban da ranar da zazzaɓi ya kama ta, in na kira shi ya ce ai kotu ta riga ta yanke.

Maman Ilham:
Ke naki ma yana ɗaga waya.