Neman kalma: bindigar hannu iri biyu a wasan 'yan sandan Landan na 1911

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana cikin gaggawa. An ba ni aikin fassara wani wasan kwaikwayo na talabijin a kan 'yan sandan Landan, wanda aka gina labarinsa a farkon shekarar 1911, kuma ranar Alhamis zan miƙa kashi na huɗu. Fassarar rubutu ce mai fitowa a ƙasan allo, an kuma iyakance mini haruffa 40 a kowane layi. A kashi uku na farko ban sha wahala ba, domin duk inda aka zaro makami sai in rubuta "ƙaramar bindiga" in wuce. A wannan kashin kuwa, labarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan bambancin bindigogin hannu iri biyu. Sufeto ya tsinci kwanson harsashi kusa da gawa, sai ya ce wa sajensa ba da revolver aka yi kisan ba, domin ita tana riƙe kwansonta a cikinta har sai an buɗe ta an zazzage, ɗayar kuwa tana tofar da kwanso duk sanda aka harba. Da wannan hujja aka wanke ɗan sandan da ake zargi, tunda tasa revolver ce. Idan na kira su duka da suna ɗaya, mai kallo ba zai gane abin da ya wanke shi ba. Me zan kira ta farkon, me kuma zan kira ta biyun?

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam, Malama. A ɗakin labarai ta biyun "fistol" muke cewa. Ta farkon kuma ina ganin "bindiga mai juyi" ta wadatar, tunda gidan harsashinta juyawa yake yi yana kawo sabon harsashi saitin baki.

Mai Fassara: Na gode, Malam. Matsalar "fistol" ita ce a bakin 'yan wasan kansu kalmar ta haɗa duka biyun, har akwai inda sajen ya kira bindigar ɗan sandan da wannan suna. "Bindiga mai juyi" kuma ta cinye kusan rabin layi, ga shi kalmar ta fito sau goma sha ɗaya a kashin.

Tsohon Ɗan Sanda: 'Yata, ba sai an ƙirƙiro komai ba, domin kalmar tana nan tun kafin a haife ku. Libarba ake ce mata. Da wannan suna na ji manyanmu suna kiranta lokacin da na shiga aiki, su ma daga bakin tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama suka ji ta. Hafsa ne ke rataya ta a ƙugu, kurtu kuwa doguwa yake saɓawa. Rubuta libarba ki huta.

Malamin Hausa: Da girmamawa, Baba, ban yarda a koma ga libarba ba. Wannan Turanci ne da harshen soja ya tauna ya furzar, kuma idan muka ci gaba da tsintar irinsa duk lokacin da muka rasa suna, za mu wayi gari harshenmu ya zama kwandon tarkacen wasu. Hausa tana da hanyar gina suna daga aikatau da ɗafin -au, kamar yadda muke da gagarau daga gagara, da mantau daga manta. Saboda haka ina ba da shawarar juyau. Haruffa biyar ne kacal, ma'anarta a fili take, kuma daidai take da asalin kalmar Turancin, wadda ita ma daga juyawa aka samo ta. Ta biyun kuma sai a ce tofau, tunda tofar da kwanso ne ya bambanta ta. Juyau da tofau: sun yi daidai da juna a kunne, sun kuma warware matsalar layi.

Mai Nazarin Tarihi: Kafin a yi nisa, bari in kawo abin da ya sa marubutan wasan suka zaɓi wannan shekara, domin zai taimaka wajen zaɓen kalma. Tun da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, kulki ne makamin ɗan sanda na yau da kullum, wato sunan da muke kiransu da shi a Hausa ya dace da su ƙwarai. Sai a 1884 aka ba masu sintirin dare a unguwannin bayan gari izinin ɗaukar bindigar Webley, wadda ake ƙerawa a Birmingham, irin mai juyin nan. A daren 16 ga Disamba 1910 wasu 'yan gudun hijira daga Latbiya, da aka rutsa suna ƙoƙarin fasa shagon kayan ado a titin Houndsditch na Landan, suka harbe 'yan sanda uku har lahira. Ranar 3 ga Janairu 1911 aka yi wa biyu daga cikin waɗanda ake nema ƙawanya a wani gida a titin Sidney, kuma mutum biyun nan suka hana ɗaruruwan 'yan sanda matsowa na tsawon sa'o'i, saboda Mauser ce a hannunsu, wato bindigar hannu irin mai tofar da kwanson nan, wadda ke cin harsashi goma, ta kuma fi ta 'yan sandan nisan zango da saurin ɗuri. Sai da aka kirawo sojoji daga Hasumiyar Landan, Winston Churchill ma, wanda shi ne ministan cikin gida a lokacin, ya zo wurin da kansa, daga ƙarshe gidan ya kama da wuta mutanen biyu suka mutu a ciki. A shekarar ce rundunar ta karɓi sabuwar bindigar Webley & Scott mai ɗura kanta. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a kunnen mutumin 1911 ɗayar tsohuwar aba ce da kowa ya saba da ita, ɗayar kuma baƙuwa ce mai ban tsoro. Idan aka ba su sababbin sunaye biyu masu kama da juna, wannan bambancin ya ɓace.

Malamin Hausa: Malam, tarihin ya yi amfani, amma bai rushe juyau ba. Mai kallo na yau ake yi wa fassara, ba mutumin 1911 ba, kuma ina da tabbacin cewa idan aka tsayar da matasa ashirin a ƙofar Kasuwar Kurmi aka ce musu libarba, zai yi wuya a sami wanda zai ce bindiga ce. Juyau kuwa ko yaro ya ji ya san wani abu ne mai juyawa.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Zai san abu ne mai juyawa, Malam, amma ba zai san makami ba ne. Ni da na karanta juyau, abin da ya fara zuwa raina shi ne mutum mara tsayawa a kan magana ɗaya, domin ɗafin nan ya fi zama a kan hali da ɗabi'ar mutum, kamar misalan da ka kawo da kanka. Tofau kuma ba na jin za ta shiga bakin sufeto a wurin da gawa take kwance ba tare da ta rage wa wurin nauyi ba. Sannan maganar aro, ai bindiga kanta daga Larabci muka aro ta, haka harsashi, haka albarushi. Sufeto da saje da ke cikin tambayar ma aro ne. Kalmar da ta shiga bakin Bahaushe ta sauya kama har mai ita ba zai gane ta ba, kamar likita da direba, ta riga ta zama tamu, kuma libarba tana cikin wannan sahu.

Malamin Hausa: Hajiya, aron Larabci daban, domin ya shigo ta hanyar addini da ilimi da fatauci na ɗaruruwan shekaru. Wannan kuwa ta bakin bindigar mai mulkin mallaka ya shigo. Abin da ke damuna shi ne duk sanda ɗan harshe ya kawo kalmar da ya gina da kayan gida sai a yi mata ca, amma da an ji ƙamshin Turanci sai a ce ta zauna daidai. Masu gidajen rediyo sun ƙirƙiro kalmomi da dama an karɓa ba gardama, don kawai daga ƙasashen waje muryarsu take fitowa.

Ɗan Jarida: Wannan ba adalci ba ne, Malam. Kalmomin da suka zauna sun zauna ne domin an maimaita su kullum shekara da shekaru, kuma da yawa an gwada sun mutu ba wanda ya tuna da su. Wasan da Malama take fassarawa ba shi da wannan dama, layi zai fito na daƙiƙa uku ya wuce.

Ɗan Damagaram: Ina so in tuna wa jama'a cewa ba Nijeriya kaɗai za a kalli wasan ba. Mu a nan "fistole" muke ji a bakin jandarma da soja, daga Faransanci, libarba kuwa ni ban taso da ita ba. Kullum idan an zauna irin wannan zama sai a yanke hukunci da kunnen Kano, a ce Hausa ta amince. Ban ce juyau ta fi ba, amma ita aƙalla baƙuwa ce ga kowa daidai wa daida.

Tsohon Ɗan Sanda: Ɗana, ni ba Bakano ba ne, kuma ba daga littafi na ɗauko ta ba. Abin da na riƙe da hannuna na share da tsumma nake gaya muku sunansa. Sannan a kiyaye da cewa "mai harsashi shida" da na ga wasu suna rubutawa, domin akwai mai cin biyar. Wani gyaran kuma, 'yata, kada ki kira ta biyun "mai sarrafa kanta". Yau duk wanda ya ji haka AK-47 zai hango tana ɓarin wuta. Waccan kuwa kowane harbi sai an ja kunama, abin da take yi da kanta shi ne ta fitar da kwanso ta ɗura sabon harsashi da ƙarfin harbin da ya gabata. Mai ɗura kanta, kamar yadda Malam mai tarihi ya rubuta, ita ce daidai.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu: Tunda an zo kan kwanso, akwai tarko a nan ma. A labarai ana cewa an kama "kwanson harsasai" ana nufin gidan da ake jera harsasan a ciki a maƙala wa bindiga, ana kuma cewa kwanso ana nufin ɓawon ƙarfen da ya rage bayan harbi. A wasanki na biyun ake nufi, kuma shi ne hujjar sufeto, saboda haka ki tsare masa kalmar shi kaɗai, ɗayan ki kira shi gidan harsashi daga farko har ƙarshe. Idan kuma an ambaci dogon ƙarfen da harsashi ke bi, kada ki bi Turanci ki ce ganga, bututu ne, ƙarshensa kuma baki.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri, Hajiya, dama na riga na rubuta ganga a wuri biyu, yanzu na gyara. Na gwada layin sufeton da duka shawarwarin. "Ba libarba ba ce, ga kwanso a ƙasa" ya shiga layi ɗaya, kuma na karanta wa mahaifina, wanda ya haura saba'in, nan take ya gane. Na karanta wa ƙanena bai san kalmar ba, amma da na nuna masa wurin, inda sufeton yake buɗe bindigar yana nuna ramukanta, sai ya ce ai hoton ya fassara masa. Da na gwada "Ba juyau ba ce", dukansu biyu sun tambaye ni wace ce Juyau.

Malamin Hausa: Mutum biyu ba su isa a yanke wa kalma hukunci ba, Malama. Ƙanenki ma da hoto ya gane libarba, da an ba juyau hoton nan ita ma da ya gane ta. Na janye tofau, domin maganar Hajiya a kan nauyin wurin gaskiya ce. Juyau kuwa ban janye ba, kuma zan ci gaba da koyar da ita a aji tare da ɗayar, ɗalibai su zaɓa.

Mai Nazarin Tarihi: Akwai dalili ɗaya da ya sa nake goyon bayan libarba a wannan wasa musamman, ko da ba a ko'ina ba. Tsufanta shi ne amfaninta. Wasan na zamanin fitilar gas da keken doki ne, kuma kalmar da ke ɗauke da ƙamshin barikin da can tana sa mai kallo a wancan zamani. Ga ta biyun kuma, 'yan wasan ai da sunan kamfani suke yawan kiranta, saboda haka Mauser ta isa a mafi yawan layuka.

Mai Fassara: To, ga abin da zan miƙa ranar Alhamis, in sha Allahu. A fitowar farko zan rubuta "libarba, mai juya gidan harsashi" domin na Nijar da matasa, daga nan sai libarba kaɗai. Ta biyun zan ce "mai ɗura kanta" sau ɗaya a bakin sufeto, sauran wuraren in bar Mauser. Inda sajen ya haɗa su duka zan koma ga ƙaramar bindiga. Malam, ban ƙi juyau don raini ba, lokaci ne ba ni da shi na koya wa mai kallo sabuwar kalma.

Ɗan Damagaram: Da bayanin farkon nan zan iya haƙura, amma har yanzu ta biyun ba ta sami suna ba, siffa kawai aka ba ta. Ranar da aka kawo wasan da ba Mauser a ciki, za a dawo nan.

Malamin Hausa: Ki miƙa aikinki, Malama, Allah ya ba da sa'a. Abin da nake roƙo kawai shi ne idan za ki haɗa jerin kalmomin da za a bi a sauran kashin, ki rubuta juyau a gefen libarba, ko da ba a yi amfani da ita ba.

Mai Fassara: Zan rubuta, Malam. A kashi na biyar akwai doguwar bindigar farauta mai baki biyu da aka datse wa bututu domin a ɓoye ta cikin kwat, kuma ita ma ban sami sunanta ba tukuna.