Masu hawa keke a Kano, me kuke gani a titi?

Ɗan Kurna

Salamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine mashin ɗina a zaure na sayi keke na hannu, kullum da shi nake zuwa Kantin Kwari daga Kurna, safe da yamma, kuma gaskiya kuɗin da nake ragewa ba kaɗan ba ne. To jiya da safe a titin Katsina wani ɗan sahu, wato mai adaidaita sahu, ya hango fasinja ta ɗaga hannu, kawai ya yanko gabana ya ci birki, ba sigina ba komai, na matse birki da iya ƙarfina amma sai da na daki bayansa na zube a ƙasa, gwiwar wandona ta yage, tafin hannuna ya kuje, robar abincina ta buɗe shinkafa da wake ta watse a kwalta. Wallahi ba faɗuwar ce ta ci min rai ba. Da na tashi na ce malam ba ka ganni ba ne, sai ya leƙo ya ce "to da keken ma za ka yi wa mutane iyayi?" ya ja abinsa ya tafi, har da masu dariya a ciki. Ko sannu babu. Shi ne na ce bari in ji daga bakinku, ni kaɗai ake yi wa haka ko kowa ma yana sha?

Malamin firamare, Sheka

Wa alaikumus salam, sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ba kai kaɗai ba ne. Ni shekara ashirin da ɗoriya ina kan Phoenix ɗaya, sirdi kawai na canja sau uku. Abin da na fahimta a titin Kano shi ne girman abin hawanka shi ne girmanka, tirela ta raina tifa, tifa ta raina bas, bas ta raina ɗan sahu, ɗan sahu ya raina mai mashin, shi kuma mai mashin duk haushin da ya kwaso a kanka zai sauke, kai kuma ba ka da wanda za ka raina sai mai tura kurar ruwa.

Nawa ya faru a titin gidan zu da azahar. Mota ce a fake, ina wucewa ta gefenta mai ita ya bankaɗo ƙofa ba tare da ya duba madubi ba, ƙofar ta same ni a kafaɗa, littattafan yaran da na ɗauro a kariya duk suka tarwatse. Alhajin ya fito da babbar riga, bai kalle ni ba, ƙofarsa ya durƙusa yana shafawa yana cewa fenti ya kwarzane. Mutane suka taru, kuma abin mamaki ni suke ba wa baki wai in ba shi haƙuri, wani har yana cewa "ka san kuɗin fentin nan ya fi kekenka". Na ba shi haƙurin. Wata biyu ban iya ɗaga hannu na yi rubutu a saman allo ba, sai dai in sa monita.

Abin da ke ba ni dariya, zamanin mahaifinmu malamin makaranta mai keken Raleigh babban mutum ne a unguwa, ana goge shi da tsumma kamar doki, a naɗe masa firam da leda kar ya kwarzane, har kamfanin haɗa shi akwai a Bompai. Yau ka je ɗaurin aure da keke sai yara su nuna maka bayan masallaci wai can za ka ajiye.

Ɗan sahu ne ni

Malam Allah ya ba ku haƙuri, wanda ya yi wa ɗan Kurna haka bai kyauta ba, ko a cikinmu akwai marasa tarbiyya ba na musu. Amma tunda gaskiya aka ce a faɗa bari in faɗi tawa. Ni kullum sai na kai wa mai sahun da nake ja balas kafin in ci sisi, ga mai ga haraji, fasinja ɗaya in ka bar shi na bayanka ya ɗauke, shi ya sa kuke ganin muna yankowa gefe haka, kuma gefen nan da muke lodi shi ne dai gefen da kuke bi, to dole a haɗu. Ku tuna tun 2013 da aka hana acaɓa a Kano duk masu mashin ɗin nan sahu suka dawo, titin kuma gefensa bai ƙaru ba sai ma 'yan tebur da masu wilbaro da suka cinye rabi.

Sannan masu keke ku ma fa kuna da naku. Wan-we kamar gadonku ne. Danja ta tsayar da kowa ku ku sulale. Da daddare ba fitila ba komai, mutum sanye da baƙar riga a hanyar Panshekara inda ba wuta, ta ina zan gan shi? Satin da ya wuce a Na'ibawa wani yaro ya maƙale ƙarfen bayan sahuna ina jansa ban sani ba, sai da fasinja ta yi salati, da na taka birki a lokacin da yanzu wani zancen ake, kuma ni za a ce na kashe ɗan mutane.

Malamin firamare, Sheka

Wan-we ɗin kam ba mu da bakin magana. Amma ka san dalili? In ina son tsallaka titin Zariya sai na je wajen juyawa mai nisa in shiga tsakiyar motoci masu gudu in ratsa layi biyu, wallahi sau da yawa wan-we ɗin nake ganin ya fi min aminci, duk da na san ba daidai ba ne.

Maman Biyu, Ɗorayi

Ni ba na hawa, kun san mace babba a kan keke a garin nan sai ta zama abin kallo, amma babban ɗana yana hawa zuwa makaranta, shekararsa 14. Babansa ne ya saya masa saboda kuɗin sahu kullum zuwa da dawowa ya fi ƙarfinmu ga ƙannensa su ma. Daminar bara aka yi ruwa da la'asar titi ya cika, yaron nan ya matsa gefe don wata mota da ke ta danna masa hon, ashe kwalbatin wajen a buɗe take an sace murfin, ruwa ya rufe ba a gani, tayar gaba ta faɗa shi kuma ya wuntsula ya daki haɓa, ɗinki huɗu. Wani mai shayi ne Allah ya saka masa ya ɗauko shi ya kawo min shi gida jina-jina da keken a bayan sahu, ya ƙi karɓar ko kuɗin motar. Don haka ba kowa ne mugu ba. Yanzu dokar da na kafa masa ita ce ba shi ba gadar ƙasa ta Kabuga, ya bi ta lungu ko da zai makara, in ya zo babban titi ya sauka ya tura. Yana min ƙunƙuni wai abokansa na masa dariya, na ce su yi ta yi.

Mai keken motsa jiki

Hajiya Allah ya ƙara masa lafiya. Bari in ba ku wani abu da na gwada da kaina don maganar Malam ta raini ta taɓa ni. Ni ina da keke mai giya, ranar Asabar da Lahadi bayan asuba muna fita da abokai ta titin Gwarzo mu wuce sabuwar BUK mu juyo kafin rana ta yi zafi. In na sa hular kwano da gilashi da rigar nan mai sheƙi, wallahi motoci har rage gudu suke su ba ni fili, wani ya zuge gilas ya ɗaga min babban yatsa, a tunaninsu wani ɗan boko ne mai mota a gida ya fito rage tumbi, ƙila ma ɗan wani ne kar a jawo wa kai. Ranar nan na ɗauki keken dai shi ɗin, na sa jallabiya da silifas zan sayo burodi a Rijiyar Zaki, tafiyar da ba ta kai minti goma ba sau biyu ana matse ni sai da na sauka daga kwalta, har wani kwandasta ya ce min "kauce dalla baba". Keke ɗaya, mutum ɗaya, titi ɗaya. Ashe ba keken ake rainawa ba, talaucin da aka hango a kansa ake rainawa.

Kuma ba Kano kaɗai ba ce. Manya za su tuna Ojo Maduekwe ministan sufuri na zamanin Obasanjo, a 2001 ya dage sai 'yan Najeriya sun rungumi keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja, bas ta ture shi ya faɗa rami. Minista guda fa. Mutane suka mai da abin barkwanci maimakon a tambayi me ya sa babu inda mai keke zai bi. Duk 3 ga Yuni ana bikin ranar keke ta duniya, a hau a ɗau hoto a watse. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse ina hawa yake? Irin garin da ya dace da keke ke nan, kamar Holan da ake ba da labari. Amma duk gadojin nan, Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, Sabon Gari, mota aka yi wa lissafi, ka hau ta Sabon Gari da keke ka ji yadda iskar mota ke jijjiga ka ga bango a gefe ba wurin tsira.

Mai faci, Fagge

Ni gyara nake, don haka duk wanda aka buge wajena kekensa ke ƙarewa. Tun da mai ya tashi aiki ya ƙaru alhamdulillahi, har ma'aikata masu sa takalmi sau ciki suna kawo min. Amma abin da nake gani yana ba ni tsoro, a keke goma da wuya ka samu uku masu birki gaba da baya, wani da silifas yake tsayawa, ka ce masa a sa roba sabuwa ya ce faci kawai ya kawo. Ƙararrawa kuwa an mai da ita kayan ƙawa. Mafi munin wanda aka taɓa kawo min, gargaren gaba ya naɗe kamar tabarma, mai shi ya tsaya ne a gefen tifa a shataletale, tifar ta karya kwana tayar baya ta bi ta kan keken, Allah ya sa shi ya yi tsalle. Direban ya rantse bai gan shi ba kuma na yarda, daga can sama ba a ganin abin da ke gindin ƙofa, kuma tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, ciki take yankowa. Duk wanda ya zo wajena ina faɗa masa, babbar mota ko ka tsaya bayanta ko ka yi mata nisa, kar ka jera da ita ko da a gosulo ne.

Lebura, Sharaɗa

Mu da muke tashi aikin dare ƙarfe shida na safe lokacin hunturu mu muka san hazo. Ba ka ganin gabanka, direba ma haka. Ni tsohon faifan CD na ɗaure a bayan kariya da waya, in fitila ta haska shi yana walƙiya, abokan aiki suna ta tsokanata amma yanzu mutum huɗu sun kwaikwaya. Maigadin wajen aikinmu kuma har gobe ba ya barin keke ya shiga ta babbar ƙofa, sai ta baya wajen bola, mashin kuwa ya wuce abinsa.

Ɗan Kurna

Na gode ƙwarai jama'a, wallahi har na ji sanyi. Ɗan'uwa ɗan sahu na ji taka kuma na karɓa, don ni ma in faɗi gaskiya fitila ba ni da ita, in na taso daga kasuwa bayan magariba tocilan ɗin waya nake riƙewa a hannu ɗaya, ka ga ke nan birki ɗaya nake da shi. Amma dai sannun nan ita nake bi bashi, ba ta cin mai ba ta rage balas. Hajiya a gaida yaron. Baba mai faci, wane layi kake a Fagge? Tun faɗuwar jiya kan keken ya karkace hagu kuma kaca tana ta zamewa, gobe in Allah ya kai mu zan biyo kafin in shiga kasuwa, ka ajiye min robar birki da ƙararrawa, in da fitila mai caji ta baya ma ka faɗa min kuɗinta in taho da shiri.