Ikko ta Bakin Ruwa: Musayar Baituka

Mai Shayin Obalende:

Salamu alaikum. Jiya ruwan sama ya kore mini masu shan shayi, na zauna ni kaɗai a rumfa, sai baituka suka zo. Amsa-amon "wa" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Zan waƙe Ikko ta bakin ruwa.

Eko take a bakin masu gari,
Legas kuma laƙabi ne na Turawa.

Tun kafin ladan ya yi kiran farko,
Motar haya danfo ta cika, ana ta rugawa.

Ƙarfe huɗu nake hura wutata,
Burodin Agege da ƙwai ga mai wucewa.

A nan ba a tambayar kwanan iyali,
Kuɗin hannunka ne ke yin gaisuwa.

Amma duk wanda ya zo da ƙarfinsa,
Ko ba shi da jari, ba ya kwana da yunwa.

Direban Tirela:

Wa alaikumus salam, Yaya. Ka yabi amarya, ba ka faɗi mai kai mata cefane ba. Ni da ƙwar huɗu zan zo.

Na yi lodin tumatir tun da safe,
Kwando bisa kwando an jibge,
Na ƙetare Kwara ido a bushe,
Sai Mile 12, uwar kasuwa.

Albasar miyarsu ta Aliero ce,
Saniyar Oko-Oba ta Arewa ce,
Wake da attarugu hanyar ɗaya ce,
Mu ke ɗaukowa, su ke cinyewa.

In na sauke sai in nufi Apapa,
In bi layi, in kwana a mota,
Wani sa'in mako ban ga ƙofar tasha,
Sauro na ci na, guzuri na ƙarewa.

Kwantena zan ɗora in juya,
Yadi da taya da kayan waya,
Daga Sin jirgi ya sha tafiya,
Kantin Kwari na jiran isowa.

Ku tuna 2021 da muka ja birki,
Ba tirelar da ta gangaro aiki,
Tumatir ya koma abincin biki,
Ikko ta san mai ciyarwa.

Inna Mai Goro:

Ɗana direba, sannu da hanya. Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi, bari in fito maka da shi.

Makon da kuka ja birkin nan,
A Kano tumatir ya yi ta ruɓewa.

Manomi ya zuba wa kwando ido,
Ba mai taya shi, balle sallamawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
Ko na Kudu ne, ko na Arewa.

Kuma ku daina kiran mu baƙi,
A Agege aka haifi uba da uwa.

Dogo ya isa Kano a 1911,
Kakana ya biyo shi yana gangarowa.

Goro ya saya ya naɗe da ganye,
Huhu bisa huhu yana aikawa.

Yarabanci a bakina kamar Hausa,
In ina ciniki ba mai ganewa.

Muna da zango, muna da sarki,
Har surukuta mun yi da Yarabawa.

Ɗalibi:

Inna, a gafarce ni in shigo tsakanin manya da ɗan abin da muka karanta.

Ingila ta karɓi Ikko a 1861,
Daga baya ta zama fadar Turawa.

A 1991 aka kai mulki Abuja,
Kujera ta tashi, ta bar kasuwa.

Bankuna na nan tsibirin Victoria,
Waya da kwamfuta Ikeja ake nemowa.

Ladipo kayan mota, Alaba talabijin,
Balogun yadi, sai ka gaji da zagawa.

A Lekki ɗan Kano ya kafa matata,
Ganga 650,000 ta ɗanyen mai a yini take iya tacewa.

Mai Shayin Obalende:

Ƙanena, amsa-amo ka riƙe, ban ƙi ba. Amma baitin gangunan nan ya kusa kamo gadar Third Mainland tsawo, ita kuwa ta doshi kilomita 12. Na gwada rera shi, numfashi ya ƙare mini a tsakiyar gada. A rage lissafi. Na kujera da kasuwa kam ya yi, shi zan riƙe.

Tsohon Ɗan Acaɓa:

Ni daga gida nake rubutowa, na baro ta. Yaya mai shayi, ka ce ba a kwana da yunwa. Na kwana da ita ba sau ɗaya ba.

Shekara bakwai ina kan babur,
Daga Surulere har Ikeja ina kaiwa.

Yunin 2022 doka ta sauka,
Ƙaramar hukuma shida, acaɓa ba hawa.

Tun kafin nan ma ba daɗi muke ji ba,
Kowace kwana da mai tikitin yankawa.

Mai gida na son hayar shekara a dunƙule,
Dillali na gefe, nasa yake karɓewa.

Mu takwas muke a ɗaki ɗaya,
Wani na tashi, wani na kwantawa.

Na ga Makoko, gida bisa turaku,
Masunta na kwana a saman ruwa.

Yaro bai gama koyon tafiya ba,
Kwalekwale ya riga ya iya tuƙawa.

Na ga inda aka cike gaɓa da yashi,
Eko Atlantic, bene ake ta ɗorawa.

Ruwa kan ja da baya ga mai kuɗi,
Talaka kuwa har ɗaki yake biyowa.

In damina ta yi, katifa a ka,
Tsaye muke har gari ya yi wayewa.

Mai Shayin Obalende:

Na janye wancan baitin, ƙanena, ka fi ni gaskiya.

Da yawa cikinku a bencina kuka ci,
Littafin bashi na nan ban yagewa.

Ran da kuka watse na ji a jikina,
Kiret ɗin ƙwai ya kwana biyu bai ƙarewa.

Inna Mai Goro:

Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Tambaya ɗaya ce da ni.

Shekara bakwai ɗin da ka ba Ikko,
Me ka riƙe a hannu ranar komawa?

Tsohon Ɗan Acaɓa:

Inna, kin kama ni.

Babur na sayar kafin in hau mota,
Injin ban-ruwa na saya da isowa.

Fadamar Baba nake yi wa aiki,
Tumatir ne, ga shi yana nunawa.

Kwando arba'in nake sa rai,
In tsutsa ta bar ni, in Allah ya nufa da cirewa.

Abin haushin, dillali ya zo jiya,
Ya ce Mile 12 za a kai a sayarwa.

Direban Tirela:

To, ashe abokin ciniki ne ma.

Ranar Laraba nake yin lodi,
Ka fito da su titi tun da sanyi,
Kuɗin mota bisa kwando ake yi,
Ba ragi don an iya rerawa.

Mai Shayin Obalende:

Direba, in ka sauke ka biyo ta Obalende da rabin kwando daga cikin nasa, in yanka a ƙwai, mu cire a tsohon bashi. Ruwa ya ɗauke, ga mutum biyu sun zauna a benci, na tafi.