Taimako dan Allah, JOIN na ɓoye min kwastomomi, UPDATE kuma ya min aika-aika

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Ina haɗa wa yayana ɗan tsarin lissafin bashi na shagonsa da MySQL (manhajar ajiye bayanai a tebur-tebur), tebur biyu ne, kwastoma (id, suna, waya) da bashi (id, kwastoma_id, kudi). Mutum 40 na saka amma in na rubuta

SELECT k.suna, b.kudi FROM kwastoma k JOIN bashi b ON k.id = b.kwastoma_id;

sai 26 kawai su fito, sauran ko sama ko ƙasa. Wanda ya fi ci min rai kuma, jiya da daddare wani ya rage bashinsa saura 3000, na buga UPDATE bashi SET kudi = 3000 ina danna enta wallahi kowa ya koma 3000, har wanda ake bi dubu tamanin. Akwai yadda zan dawo da su?

Injiniya_Zariya:
Wslm. Ba ɓata suka yi ba, JOIN zalla INNER JOIN ne, wanda yake da layi a duka teburan biyu kaɗai yake kawowa, 14 ɗin nan ba a bin su komai shi ya sa. Mayar da shi LEFT JOIN za su fito da NULL (wato gurbin kuɗin babu komai), in sifili kake so sai ka sa COALESCE(b.kudi, 0).

Maman_Kod:
Kai ƙanina, WHERE ka manta, shi ke ware layin da za a canza, ba wanda bai taɓa shan wannan ba. In ba ka da bakof (kwafin ajiya) da wuya su dawo, autocommit (mai tabbatar da canji nan take) a kunne yake zuwa, kana dannawa ya zauna. Nan gaba fara da START TRANSACTION, ka duba layi nawa ya taɓa, ka ga 26 maimakon 1 sai ROLLBACK da sauri ya soke canjin, amma fa sai in teburin irin InnoDB ne. Ka kuma sa SET SQL_SAFE_UPDATES = 1, in ka manta WHERE zai riƙa tare ka da kuskure 1175.

Injiniya_Zariya:
Ni da ma ba zan canza adadin da ke teburin bashi ba, buɗe tebur na uku mai suna biya, duk wanda ya kawo wani abu

INSERT INTO biya (bashi_id, kudi, rana) VALUES (7, 5000, CURDATE());

ragowar ka fitar da SUM, ran da mutum ya zo yana rantsuwa ya biya ga rana ga adadi.

Dan_Fagge:
Na gode Anti, na gode Injiniya, LEFT JOIN ya yi. Allah ya so littafin bashin yana nan a durowa, yau da shi zan kwana, Yaya dai bai sani ba tukuna.