Idan Guam ta zama jiha, sojojin Amurka za su ragu ko ƙaruwa za su yi?

Sani_Kawo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka buɗe sansanin Camp Blaz a tsibirin Guam, yankin Amurka da ke tekun Fasifik, a 2023 abin nan ke damuna. Ga sansanin jiragen yaƙi na Andersen, ga na sojan ruwa, har sojoji sun riƙe wajen rubu'in ƙasar tsibirin. Mutanen can 'yan ƙasar Amurka ne, amma ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisar wakilai kuma ba shi da ƙuri'a wajen zartar da doka. To da za a mai da Guam jiha, za su iya ce wa sojoji su rage?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka duba Hawaii. Ta zama jiha a 1959, amma har gobe sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor na nan, hedkwatar rundunar Amurka ta yankin Fasifik ma a can take. Sansani na gwamnatin tarayya ne, gwamna ba shi da ikon rufe shi. Abin da jiha ke samu shi ne sanatoci biyu, su kuwa sanatoci ba korar soja suke yi ba, jawo shi suke yi, saboda albashi da kwangila. Daniel Inouye ya wakilci Hawaii a majalisar dattawa daga 1963 har rasuwarsa a 2012, kuma ya daɗe yana juya kwamitin kasafin tsaro. Ba ƙaramin kuɗin soja ya kai gida ba. Ni a ganina ƙaruwa za su yi.

Dan_Tasha77:
Malama ta yi gaskiya. Puerto Rico ma ai ba jiha ba ce, amma ta fitar da sojan ruwa daga tsibirinta na Vieques a 2003, bayan bam ɗin atisaye ya kashe wani mai gadi, David Sanes, a 1999, mutane suka yi ta zaman dirshan a filin atisaye. Sai dai a 2004 aka rufe sansanin Roosevelt Roads, ayyukan yi suka tafi da shi.

Sani_Kawo:
Kenan zama jiha ba ya tsinana komai?

Malama Hadiza:
A'a, kar ka kai shi can. Da man jirgi ya tsiyaya daga rumbunan man sojan ruwa na Red Hill a Hawaii ya gurɓata ruwan sha a 2021, hukumar lafiya ta jihar Hawaii ce ta ba da umarnin a kwashe man, a 2022 ma'aikatar tsaro ta amince a rufe wurin. Akwai kuma filin atisaye na Pohakuloa: wani ɓangarensa na jiha ne, an ba soja haya a 1964 kan dala ɗaya tak na shekara 65. Wa'adin zai cika a 2029, kuma dole su zauna da jihar a yi ciniki. A irin wannan wurin ne Guam za ta sami bakin magana, kan ruwa da fili da kuɗin diyya. Amma muddin Amurka na sa ido kan China, Andersen ba inda za shi.