Jaka 35 a wata, ba takarda ba Kes: in karɓa ko in haƙura?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ku yi mini afuwa da ban sa sunana ba, don wanda zancen ya shafa sananne ne a gari.

A Maradi nake, shekara biyu ke nan da na gama lisansi a fannin lissafin kuɗi a jami'a. Na kai takardu buro-buro har mai fotokofi ya san ni da fuska, shiru kake ji. Satin da ya wuce kawuna ya yi mini hanya wurin wani Alhaji abokinsa, mai magazar shinkafa da mai da taliya kusa da babbar kasuwa. Aikin shi ne rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, riƙe makulli, da lissafin yamma. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, Litinin zuwa Asabar. Albashi jaka 35, wato sefa 35,000. Ba kontara, ba Kes (asusun fansho da diyyar ma'aikata), ba kuɗin magani. Da ya ga na yi shiru sai ya ce, "Fara dai, in mun ga hankalinka za mu duba."

Na zauna na yi lissafi. Gidanmu yana can ƙarshen unguwar Zariya. Kabu-kabu zuwa da dawowa dala ɗari, abincin rana dala ɗari, jaka guda ke nan a wuni. Kwana 26, jaka 26. Abin da zai rage mini jaka 9. Inna ta ce da zaman banza gara aikin kishiya. Ni kuma ina jin kunyar kawu, in na ƙi kamar na watsa masa ƙasa a ido. Ranar Litinin zan kai amsa. Me kuka gani?

Wani ɗan kabu-kabu:
Wa alaikumus salam. Abokina, jaka 35 a kwana 26 bai kai dala ɗari uku a wuni ba. Ranar da kasuwa ta yi kyau ina tashi da abin da ya fi haka kafin azahar. Kai da ka yi jami'a! Ni dai ban ce ka ƙi ba, amma raini ne.

Wata uwa daga Ali Dan Sofo:
Ɗana, karɓi. Nawa biyu suna gida da takardunsu, kullum shayi da karta a ƙofar gida, zuciyata ba ta kwanciya. Mai aiki shi ake kira wani aikin. Ka tafi da abincinka daga gida a kwano, ba abin kunya ba ne, ka ga jaka 13 ta dawo aljihunka. Allah ya sa albarka.

Tsohon kontabul, mai ritaya:
Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu. Kowa ya tsaya kan jaka 35, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai kalma guda ce: makulli.

Bari in fara da doka, a taƙaice, don ka san inda kake tsaye. Albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta yanke, wanda ake kira SMIG, ya daɗe yana 30,047, aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga farkon 2024. Abin da aka yi maka tayi bai kai ba, saura jaka 7. Dokar aiki ta 2012 ta ce awa 40 a sati, kai kuma ko an cire lokacin salla da cin abinci za ka haura 50. Ta kuma ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki, da albashinsa. Kes, wato CNSS, ba alheri ba ce da maigida ke yi in ya ga dama, wajibi ce a kansa. Ana cire 5.25 cikin ɗari daga albashinka, shi kuma ya zuba 16.4 cikin ɗari. A kan 42,000, naka 2,205 ne, nasa 6,888. Cikin wannan ne ake samun kuɗin iyali, da diyya in ka ji ciwo a bakin aiki, da fansho in ka kai shekara 60. Magazar buhuna wuri ne da ake jin ciwo, na ga wanda tarin shinkafa ya rufto masa a ƙafa.

Na san abin da za a ce mini: Baba, a kasuwar Maradi wa ke bin wannan? Gaskiya ne, kaɗan ne. Amma wanda ya san haƙƙinsa ya bari da saninsa daban yake da wanda aka ci da jahilci.

Yanzu makulli. Duk wanda ya riƙe makulli da littafi, shi ne mai laifi ranar da buhu ya ɓata. Kuma buhu zai ɓata, ko ba ɓarawo. Ɓera na ci, jarkar mai na yoyo, ɗan maigida zai zo ya ɗauki katan biyu ya ce Baba ya aiko shi, Alhaji da kansa zai kira ka a waya ya ce ba wane buhu goma zai kawo kuɗi ranar Juma'a, bayan wata uku ya manta ya yi wannan magana. Buhun shinkafa biyu in aka ɗora maka, albashin watan ya tafi. Na san yaron da ya yi wata takwas a irin wannan aiki ya fita ana bin sa bashi, sunansa kuma ya ɓaci a kasuwa. Jaka 35 ana mayar da ita. Sunan ɓarawo in ya kama mutum a garin nan, har wurin neman aure sai ya bi shi.

Don haka in za ka karɓa, kar ka taɓa makulli sai an ƙirga kaya a gabanka ɗaya bayan ɗaya, an rubuta, kai da shi kun sa hannu. Kowane kaya da zai fita ba kuɗi a hannu, a rubuta sunan wanda ya ɗauka, ya sa hannu ko ya dangwala. In Alhaji ya ba da umarni a waya, ka tura masa saƙon murya ta WhatsApp ka maimaita abin da ya ce, cikin ladabi: "Alhaji, na ba wane buhu goma kamar yadda kuka ce." Ka ajiye. Kuma ka tambaya tun yanzu: makulli nawa ne, wa da wa ke riƙe da su? In akwai wani makulli a gida, gara ka ce littafi za ka riƙe, makulli a bar wa wanda ke riƙe da shi.

Wani ɗan kasuwa daga Kadro:
Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka ce a kan makulli haka yake. Amma ku bar ni in faɗi namu ɓangaren, don ana maganar 'yan kasuwa kamar mu azzalumai ne.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da muka saba ɗaukowa daga Kwatano sai sun yi zagaye, kuɗin mota ya hau, riba ta ragu. Naira ta faɗi, mutanen Jibiya da Katsina da ke zuwa saye sun ja baya don sefa ta yi musu tsada. Mutum yana da yara goma a magaza, ka ce ya kai kowa Kes?

Sannan mu ba da albashi muka taso ba. Ni shekara tara na yi ina yaron gida, ba a taɓa ce mini ga albashinka ba. Maigidana ya ciyar da ni, ya yi mini aure, ranar da ya sallame ni ya ba ni jari ya haɗa ni da masu ba shi kaya. Alhazan Maradi da yawa haka suka tashi. Yaron nan in ya yi haƙuri ya riƙe amana, abin da zai koya na sanin dillalai da farashi da hanyar kaya, jami'a ba ta koya masa ba.

Tsohon kontabul, mai ritaya:
Alhaji, ban musa ba. Amma ka ce maigidanka ya ciyar da kai. Shi wannan an ce masa ya ciyar da kansa. Yaron gida yana da tuwo da magani da jari a gaba, ma'aikaci yana da takarda da Kes. Shi ba a ba shi ko ɗaya ba, ya zama jemage, ba tsuntsu ba dabba. A tambayi mai magazar: wanne daga ciki yake nufi?

Wani ɗan kasuwa daga Kadro:
To, wannan kam kun kama ni, Baba. Abincin rana ko ni ina ba yarana.

Wata yaya, malamar makaranta:
Ƙanena, ni na sha irin wannan ruwan. Na koyar a wata makarantar kuɗi shekara uku, da baki kawai aka ɗauke ni, "za mu duba" ɗin nan da kunnena na ji shi. Ba a duba ba. Watannin hutu ba biya. Da na kwanta rashin lafiya sati uku, na dawo na tarar an sa wata. Na je wurin sufetocin aiki, suka karɓe ni da mutunci, suka ce ko ba takarda doka ta san ni ma'aikaciya ce, amma ina shaidar abin da ake biya na da ranar da na fara? Ba ni da ko guntuwar takarda, a hannu ake miƙa mini kuɗi. Aka yi sulhu a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Cikin shekara ukun nan gasar ɗaukar aiki biyu ta wuce ni, don kullum ina aji, na gaji, na daina ma duba sanarwa. Aikin da ba ya biya yana iya cinye lokacin neman wanda zai biya. Daga 8 zuwa 6 kwana shida, yaushe za ka kai takarda wani wuri?

In ka shiga, ka sa wa kanka wa'adi, wata shida, ka faɗa wa Inna don ta riƙa tuna maka. Katinka na ANPE, hukumar da ke yi wa masu neman aiki rajista, kar ka bar shi ya mutu. Kowane wata ka sa hannu a littafi cewa ka karɓi kaza, ka ɗauki hoto da waya. Ranar da za ka tafi ka karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce. Ita ce za ta cike maka gurbin nan da ake cewa sai wanda ya taɓa aiki.

Wani matashi:
Yaya ka nemi keke kawai, Maradi ba Yamai ba ce. Jaka 13 ɗin kabu-kabu ta huta.

Wata Hajiya:
Duk kun yi magana mai kyau, amma kun manta da kunya. Yaron nan ba zai iya zama gaban abokin kawunsa ya ce masa doka ta ce kaza ba. In ya yi, kafin magariba labari ya kai gida cewa boko ta ɓata shi. Ɗana, wanda ya ƙulla shi ke kwancewa. Je ka wurin kawunka bayan isha, ka yi masa godiya sosai, sannan ka nuna masa lissafin nan naka na jaka 9, kamar mai neman shawara, ba mai ƙorafi ba. Kar ka ambaci sufeto ko kotu. Ka ce, "Kawu, ina tsoron in jawo muku abin kunya in kaya suka ɓata." Wannan kalmar za ta tashe shi, don sunansa ne a ciki. Shi zai je ya yi maganar da kai ba za ka iya ba. Manya suna da yadda suke cewa a ƙara ba tare da sun ce a ƙara ba.

Mai tambaya:
Iyayena da yayyena, na gode, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Hajiya. Kawu ya yi shiru da ya ga lissafin, ya ce shi bai san ba abinci a ciki ba. Jiya da safe ya je da kansa.

Ga abin da ya dawo da shi. Alhaji ya yarda da abincin rana tare da sauran yara. Ya yarda a ƙirga kaya kafin in karɓa, har ya ce ya ji daɗin da na kawo maganar, don wanda ya riƙe wurin kafin ni a kan haka suka rabu. Makulli biyu ne, ɗaya yana hannun babban ɗansa, don haka na ce littafi kawai zan riƙe, kamar yadda Baba ya ce, kuma ba a ja ba. Albashi ya tsaya a 35 na wata uku, daga nan 45. Kawu ya sa an rubuta wannan a takarda, da kwanan wata, su biyu suka sa hannu, ni ma na sa. Maganar Kes kuwa Alhaji ya ce a bar ta tukuna, kawu bai matsa ba.

Na karɓa. Yaya, na faɗa wa Inna wa'adin wata shida, ta ce ta ji. Na kuma roƙi a bar mini safiyar Laraba in akwai inda zan kai takarda, an ce in riƙa faɗa tun da wuri.

Tsohon kontabul, mai ritaya:
Madalla. Takardar nan ka yi mata fotokofi biyu, guda ka ba kawunka ya ajiye, kar ka bar ta a magaza. In wata ukun ya cika aka ba ka 45 ɗin, ka dawo nan, zan gaya maka yadda ake shigar da maganar Kes. Ranar ƙirga kaya kuma ka ɗaga buhunan ƙasa ka duba, a nan ɓera ke ɓarna.

Wani matashi:
Yaya maganar keken fa? Akwai na wana a gida, taya ɗaya kawai yake so.